Tsakanin Kunne da Alƙalami

Litinin

Darasi na biyu nake da 'yan SS2, muna kan zuciya da zagayawar jini. Littattafan ajin ba sa isar kowa, don haka nakan faɗa su rubuta. Na jero musu sunayen manyan jijiyoyi huɗu da ke shiga zuciya da fita daga cikinta, sunayen boko masu nauyi a baki, na ce su rubuta su a jere. Kafin alƙalami ya taɓa takarda sai ga sallama a bakin ƙofa. Monitar wani aji ce aka aiko da sanarwa: 'yan ƙungiyar muhawara su hallara a gindin darbejiya idan an tashi tara. Wata ta tambaye ta ko har da sababbin shiga, ta ce har da su, ta wuce. Duka-duka bai kai rabin minti ba.

Da na juyo sai na tarar da idanu a kaina. "Malama, don Allah a maimaita." Ba daga bencin baya kaɗai muryar ta fito ba, har da yarinyar da ke zama gaba dab da taga, wadda kullum ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu. Na leƙa littafinta, suna ɗaya da rabi ta rubuta.

Na ba da labarin a ɗakin malamai. Malamin lissafi, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya kaɗa kai ya ce, "Malama, yaran yanzu ba su da riƙo. Waya ta gama cinye musu kai." Maganar ba ta kwanta mini ba. Ba a barin ɗalibai su shigo da waya makarantar nan, kuma yarinyar nan ta gaba na san haddarta ta yi nisa a Islamiyya. Wadda ke ɗauke da izu masu yawa a ka ba za a ce mata ba ta da riƙo ba. Wani abu ne ya faru cikin rabin mintin nan.

Da dare na zaro takardun da na ajiye tun lokacin da nake karatun difulomar koyarwa. Akwai babi guda kan ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa, wato inda abin da mutum ya ji yanzu-yanzu yake ɗan tsayawa kafin ya shige ajiyar dindindin ko ya salwanta.

Talata

A 1959 wasu mata da miji, Margaret da Lloyd Peterson, sun yi wani gwaji a Jami'ar Indiana ta Amurka da ɗalibai 24. Za a faɗa wa ɗalibi baƙaƙe uku da ba sa haɗa wata kalma, nan take a jefa masa lamba mai rukuni uku, a ce ya riƙa ƙirgawa da baya yana cire uku-uku har sai an tsayar da shi. Daga nan a tambaye shi baƙaƙen. Idan bayan daƙiƙa 3 aka tsayar da shi, kusan kashi 80 cikin 100 na amsoshin sukan fito daidai. Idan aka kai daƙiƙa 18, kusan kashi 10 kawai ke tsira. Baƙi uku, a kan ɗaliban jami'a. Shekara guda kafin nan, a 1958, John Brown ya ga irin wannan a Ingila, shi ya sa ake haɗa sunayensu wajen kiran gwajin.

Na ɗiba minti goma a ƙarshen darasi na ce yau wasa za mu yi. Kowa ta kife alƙalaminta. Na ce, "M, K, Z. Ɗari biyar da shida!" Ajin ya ɗauka gaba ɗaya: ɗari biyar da uku, ɗari biyar, ɗari huɗu da casa'in da bakwai. Ina kallon agogon hannuna. Da na tafa sai kowa ta rubuta.

An sha dariya. A zagayen farko kusan kowa ta ci. Da muka ci gaba, musamman inda na ja lokacin, sai aka fara dafe kai. Wata ta rubuta baƙi biyu daidai, na ukun kuma ta ɗauko shi daga zagayen da ya wuce. Wata ta rantse mini cewa yana bakinta, yanzun nan ya gudu. Sai na sake, wannan karon ba ƙirge, na ce su zauna shiru na tsawon lokaci iri ɗaya. Ina ganin leɓuna suna motsi, kowa tana nanata baƙaƙenta a ranta. Babu wadda ta faɗi.

Ga abin da ya faru jiya ke nan. Sunayen jijiyoyin suna raye ne muddin yarinya tana maimaita su a zuci. Sanarwar monita ta shigo ta karɓe muryar nan ta ciki da ake bitar da ita, bitar ta tsaya, sunayen suka zube.

Laraba

Abin da ya tsaya mini tun jiya shi ne zagayen farko. Me ya sa kusan kowa ta ci shi, alhali an yi ƙirgen, an kuma yi jinkirin?

Ashe an daɗe da lura da haka. Su Peterson sun ɗauka lokaci ne kawai ke goge abin, yana dusashewa da kansa. A 1962 Geoffrey Keppel da Benton Underwood suka duba zagaye-zagayen ɗaya bayan ɗaya, suka ga cewa a na farko mantuwar ba ta taka kara ta karya ba ko da an ja lokaci. Sai an tara zagaye biyu, uku, huɗu sannan ake fara faɗuwa, domin baƙaƙen baya suna cakuɗewa da na yanzu. Har yau masana ba su gama sasantawa kan rabon laifin ba, nawa ne na lokaci, nawa ne na cakuɗa. Amma ni da na ga yarinya ta ɗauko baƙi daga zagayen da ya wuce ta manna a sabo, na ga cakuɗar da idona.

Delos Wickens ya ƙara wani abu a kai. Idan an yi ta ba mutum abubuwa iri ɗaya har riƙonsa ya yi ƙasa, sai aka sauya iri, a ce daga baƙaƙe aka koma lambobi, riƙon yakan farfaɗo. Na gwada yau. Zagaye bayan zagaye na ba su sunayen 'ya'yan itace uku-uku: mangwaro, gwaiba, lemo, kankana, abarba, ayaba, goruba, aduwa, magarya. Kafin a jima an fara sa gwaiba inda ba ta. Sai na juya na ba su maƙeri, majemi, masaƙi. Hannaye suka tashi kusan duka.

Wannan ya sa na tsaya gaban jadawalin darussa da ke manne a ɗakin malamai na daɗe ina kallo. Ranar Laraba 'yan ajin kimiyya suna yin Kemistiri, Fizis, sannan Bayoloji a jere ba hutu. Sababbin kalmomi na baƙon harshe, da yawansu masu kama da juna a kunne, ana ta lafta su kan juna tun safe. Ni ce ta uku. Abin da nake zubawa yana sauka ne a kan abin da mutum biyu suka riga suka zuba. Gwajin baƙaƙe uku daban, darasin minti arba'in daban, ban ce abu ɗaya ba ne. Duk da haka ina ganin da an tsoma Hausa ko motsa jiki a tsakani da yaran sun sami sa'ida.

Alhamis

Yau kalmomi goma sha biyar na karanta musu, ɗaya bayan ɗaya, kalmomin gida da kowa ya sani: tsintsiya, buta, kwando, tabarma, da sauransu. Na ce da na gama kowa ta rubuta duk abin da ta tuna, ba sai a jere ba. Muka haɗa sakamakon a allo ta hanyar ɗaga hannu. Na farko-farko sun sami hannaye da yawa, na ƙarshe-ƙarshe ma haka, na tsakiya kuwa suka sha kashi. Sai na kawo wasu goma sha biyar ɗin, amma da na gama na sa su ƙirge na rabin minti kafin su rubuta. Na farkon suna nan daram. Na ƙarshen, waɗanda ɗazu su ne suka fi saurin fitowa, suka koma daidai da na tsakiya.

Murray Glanzer da Anita Cunitz ne suka nuna wannan a 1966, da jerin kalmomi 15 da ƙirgen daƙiƙa 10 ko 30. Bayaninsu mai sauƙi ne. Kalmomin farko sun sami bita da yawa tun kai bai cika ba, don haka sun fara shiga ajiyar dindindin. Na ƙarshen kuwa ba su shiga ko'ina ba tukuna, suna shawagi ne a ajiyar wucin gadi. Suna da saurin fitowa, kuma su ne suka fi saurin tafiya.

To, me muke faɗa a ƙarshen darasi? Aikin gida. Shafi kaza, tambaya ta kaza zuwa ta kaza, a kawo ranar kaza. Muna faɗarsa ne daidai lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa, benci na ƙara, ana cusa littattafai a jaka, wannan tana kiran waccan ta jira ta, hankali ya riga ya tafi wajen mai awara. Abu mafi rauni a duk darasin, a lokaci mafi hayaniya. Washegari yarinya ta zo ta yi tambayoyin wani shafi dabam, ko ta ce ba ta ji ba, a ce ƙarya take, a sa ta tsallen kwaɗo ko sharar aji. Na ga an hukunta yara da yawa a kan wannan, kuma abin yana ci mini rai, domin da dama daga cikinsu gaskiya suke faɗa. Sun ji, sun kuma yi niyyar riƙewa. Kafin su kai bakin ƙofa ya tafi.

Daga yau aikin gida a kusurwar allo zai riƙa zama tun farkon darasi, kuma sai na ga kowa ta kwafe kafin mu fara.

Juma'a

Gajeriyar rana. Injin markaɗen da ke bayan katanga ya wuni yana ruri, ba wadda ta ko ɗaga kai. Amma da 'yan JS1 na ajin da ke jikin namu suka fara bin malamarsu da ƙarfi, sai na ga rubutu yana tsayawa, ana gogewa ana sakewa.

Wannan ma an auna shi. A 1976 Herbert Colle da Alan Welsh sun sa ɗalibai riƙe jerin baƙaƙe ana kunna musu magana da Jamusanci, harshen da ba sa ji, an kuma ce su yi banza da ita. Duk da haka riƙonsu ya ragu. Daga baya Pierre Salamé da Alan Baddeley suka nuna cewa ƙara mai tafiya bai ɗaya ba ta yin ɓarnar da muryar mutum ke yi. Magana tana kutsawa kai tsaye inda ake bitar zuci, ko an so ko ba a so. Bangon da ke tsakaninmu da JS1 bai kai rufi ba, akwai tazarar kamu biyu a sama.

Asabar

Bayan la'asar na je gaishe da Kawu. Alaramma ne, tsangayarsa na zauren gidan tun kafin a haife ni. Na tarar da almajirai sun cika zauren har waje, kowa da allonsa a cinya, kowa da inda yake karantawa, murya a sama. Na tsaya ina tunanin abin da na rubuta jiya. Idan muryar wani tana ɓata riƙo, yaya aka yi wannan wuri, da ya fi kowane aji hayaniyar magana, yake fitar da mahaddata?

Bayan mun gaisa na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, zauna ki gani." Ya kira wani ƙaramin yaro da aka yi wa sabon rubutu. Ya ɗora yatsa a kan allon ya biya masa ɗan guntu, bai fi kalma uku ko huɗu ba. Yaron ya maimaita nan take. Ya sake biya masa, ya sake maimaitawa. Sai da bakin yaron ya faɗa a kai sannan ya ƙara guntu na gaba, ya haɗa da na farkon. Ana cikin haka wani baƙo ya yi sallama. Kawu ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata, bai amsa doguwar gaisuwa ba sai da ya kai yaron ƙarshen abin da yake biya masa ya sallame shi.

Ya ce, "Ba a katse biyawa. In ka katse, sai ka koma farko. Taura biyu ba ta taunuwa."

Na dawo gida ina jujjuya abin. A ganina abu uku ne ke kare almajirin nan daga hayaniyar zauren. Guntun da ake ba shi ƙarami ne, bai fi ƙarfin ajiyar wucin gadi ba. Babu jinkiri tsakanin ji da maimaitawa, ko na numfashi biyu. Sannan allon yana hannunsa: in abin ya kuɓuce, ya duba ya kamo, kuma ba a wanke rubutun sai ya zauna. Ɗalibata kuwa, idan ina faɗa tana rubutawa, ba ta da inda za ta duba. Maganata ta riga ta wuce. Abin da ta kama a kai shi ke nan gare ta, har sai ya sauka a takarda.

Ban ce a mayar da darasin Bayoloji hadda ba. Gane yadda jini ke zagayawa wani aiki ne daban da iya jero sunaye. Amma ba a gina fahimta a kan kalmar da ta ɓace kafin a rubuta ta, kuma a wannan gaɓar tsangaya ta fi mu tsari.

Lahadi

'Yar yayata tana shirin JAMB, a wurina take kwana. Ina girki ina jin ta tana karatu a falo, wayar a gefen littafi, tana ƙyalli lokaci-lokaci. Kowane saƙo sai ta leƙa, ta amsa, ta dawo ta sake sakin layin daga farko. Ta ce ai ba ta daɗewa, daƙiƙa kaɗan ne. Na yi mata wasan baƙaƙe uku, amma a maimakon ƙirge na sa ta karanta saƙon da ya shigo ta ba da amsa. Da ta ɗago ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti, sake faɗa." Da kanta ta kai wayar ɗaki.

Daga nan hira ta kai mu ga lambobi. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a tashi ɗaya yana wajen bakwai, ko sama ko ƙasa da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce in an hana mutum dabarun bita da haɗe-haɗe, adadin ya fi kusa da huɗu. Lambar waya a Nijeriya 11 ce, haka NIN, haka BVN, kuma ba mai faɗar su tsilli-tsilli. Ana yanka lambar waya gida uku, huɗu a gaba, sai uku, sai huɗu, kuma huɗun farkon kowa ya saba da su har sun zama abu ɗaya. Haka ma kalmar boko: ga malami dunƙule ɗaya ce, ga yarinyar da yau ta fara jin ta kuwa gaɓoɓi ne huɗu ko biyar, kowace tana neman wurin zama. Sunaye huɗun da na ba su ranar Litinin, a kunnensu sun fi goma.

Akwai kuma batun tsawo. Baddeley da abokan aikinsa sun gano a 1975 cewa mutum yakan riƙe kimanin abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu, don haka gajerun kalmomi sun fi dogaye zama. A 1980 Ellis da Hennelly sun auna masu jin harsuna biyu a yankin Wales na Birtaniya, suka ga sun fi riƙe lambobi da Turanci fiye da harshensu na gida, domin sunayen lambobin harshen nasu sun fi cin lokaci a baki. Muka ƙirga namu ni da ita: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, kowace gaɓa biyu. A Turanci duk gaɓa ɗai-ɗai ne in ban da bakwai. Ina zaton wannan na daga cikin abin da ya sa har wanda bai yi boko ba yakan karanto lambar waya da Turanci, ko da yake sabo ma yana da nasa kason.

Litinin

Yau na shiga da niyya ɗaya: bayan kowane abu muhimmi in yi shiru har su gama rubutawa. Ya fi yadda na zata wuya. Bakin malami ya saba cike gurbi. Ka faɗi ma'anar kalma, kafin su rubuta ka bi da "Kun gane? A ja layi a ƙarƙashi. Ke, gyara zamanki. Wa ke surutu a baya?" Duk da kyakkyawar niyya ake yi, kuma kowace jimla tana yin aikin da ƙirgen su Peterson ya yi. A cikin aji, muryar da ta fi kowace yawan shiga tsakanin kunnen ɗaliba da alƙalaminta ita ce ta mai koyarwa.

Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta naɗi darussa da yawa tana aunawa, ta ba da rahoto a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan sun yi tambaya kafin su sake magana. Da aka horar da su suka kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana a da suka fara ɗaga hannu. Na riƙa ƙirga biyar a raina. Da farko yaran suka ɗauka fushi nake, ajin ya yi tsit irin na tsoro, sai da na gaya musu dalili. Na raba sababbin kalmomi biyu-biyu, na rubuta su a allo, muka furta tare, sannan na juya musu baya na bar su da takardunsu. Wata yarinya a benci na biyu daga ƙarshe, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta faɗi hanyar jini daga huhu zuwa zuciya ba tuntuɓe.

Darasin bai kai inda na tsara ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya rage, sai ranar Laraba. Manhaja tana da tsawo, WAEC ba ta jira, kuma wannan damuwa ce ta gaske da zan ci gaba da fama da ita.

Talata

Na sami shugabar makaranta a ofis kafin taron safe. Na ce, "Hajiya, alfarma nake nema. Sanarwar da ake aiko monitoci da ita aji-aji, ko za a riƙa tara ta a faɗa a taron safe, ko a minti biyar na farkon tara?" Ta ce wasu saƙonnin ba sa jira, iyaye kan zo, jami'an ma'aikata kan faɗo ba sanarwa. Na ce to ko da waɗanda ke iya jira ne, kuma in ya zama dole, monita ta tsaya a bakin ƙofa har malami ya yi mata alama. Ta tambayi abin da ya kawo maganar.

Na ce ta ba ni rabin minti. Na faɗa mata baƙaƙe uku, na ba ta ɗari bakwai da goma sha biyu. Ta ƙirga tana dariya, ta yi tuntuɓe a wajen ɗari shida da casa'in da wani abu, na tsayar da ita. Biyu ta kawo, na ukun ta canza shi da wani.

Ta jawo littafinta ta rubuta. Ta ce in shirya in yi wa malamai wannan wasan a taron ranar Alhamis, minti goma za ta ba ni, kuma in zo da shawara a rubuce kan jadawalin Laraba na ajin kimiyya. Batun cike tazarar bangon JS1 kuwa ta ce sai an zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, domin kuɗin bulo da siminti daga wurinsu zai fito.